Gyara Saiti Kafin Tace Hoto: Jawabi Ga 'Yan Ƙungiya

 Muna gode wa shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama, mu da aka ɗora wa nauyin ɗaukar hotunan tarurruka da adana su. An ce mu yi magana a kan aikin tace bidiyo. Mun sani da yawa daga cikinku sun zo ne da zaton za su ji yadda ake sa hoto ya narke cikin wani, ko yadda rubutu ke yawo a fuskar allo. To, sai ku yi mana haƙuri. Abin da muka zo da shi magana ce a kan wani shafi da kusan ba mai buɗewa, watau shafin zaɓe-zaɓe, wanda a yawancin manhajoji aka rubuta masa Preferences, da ɗan'uwansa shafin saitin aiki.

Ga dalilin da ya sa muka zaɓe shi. Bara mun yi tafiya zuwa wani ƙauye domin mu ɗauki hirar wani dattijo makaɗin kukuma. Ya ba mu awa uku cur, yana kiɗa yana ba da labarin gidansu da na waɗanda ya koya a wurinsu. Muka dawo da katin ajiya biyu, muka juye su cikin jaka guda a kwamfuta. Ashe kyamarar, duk lokacin da aka sa mata sabon kati, sai ta koma lissafi daga ɗaya, sabili da haka sunayen hotunan kati na biyu daidai suke da na kati na farko. Kwamfuta ta yi tambaya, wanda ke juyewa yana sauri ya danna amincewa, na biyu suka hau kan na farko. Kafin mu farga an goge katin an tafi da shi wani taro. Rabin hirar ke nan ya salwanta, kuma dattijon ya rasu kafin mu sami sukunin komawa. Ba mu ga laifin ɗan'uwanmu ba, domin dukkanmu muna wurin. A cikin manhajar akwai wurin da ake umurtarta ta sake wa kowane hoto suna yayin juyewa, ta kuma gwada kwafin da na asali. Ba mu taɓa buɗe wurin ba.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan manhajoji ba don ƙasarmu aka ƙera su ba. Avid ta fito a 1989, Premiere a 1991, Final Cut Pro a 1999, dukkansu a Amurka. A lokacin da aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, zamanin kaset ne, mai tacewa yana tsakanin na'ura biyu, ɗaya tana nunawa ɗaya tana naɗa, kuma duk abin da zai saita yana gabansa, da hannu yake murɗawa. Yau kuwa saitin yana ɓoye, wani ya riga ya zaɓa mana shi bisa lantarkin ƙasarsa da talabijin ɗin ƙasarsa da harshensa.

Mu ɗauki yawan hotuna a cikin daƙiƙa. Wutar lantarkin Nijeriya da Nijar tana juyi sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. A kan wannan aka gina talabijin tun farko: tsarin PAL da Nijeriya ta bi yana nuna hoto 25 a daƙiƙa, haka ma SECAM da Nijar ta bi, na Amurka kuwa ya fara da 30, sa'an nan da aka shigo da launi a 1953 ya koma 29.97. Yawancin wayoyin da ke aljihunanmu a kan 30 suke zuwa. Shi ya sa in an ɗauki taro da dare a ƙarƙashin dogayen fitilun ɗakin lacca, sai a ga hoton yana ƙyafce-ƙyafce, ko wasu layuka masu duhu suna gangarowa. Fitilar tana haske da dushewa sau 100 a daƙiƙa, kyamarar kuwa tana bin wani lissafi dabam. Mun sha jin ana cewa wayar ce ba ta da kyau. Wayar lafiyarta lau. A mai da ita 25 ko 50 a ga aiki.

Haka abin yake a wajen tacewa. DaVinci Resolve, wadda ɗalibai suka fi so saboda akwai ta kyauta, tana buɗe sabon aiki a kan 24, irin na silima. Da zarar an kafa jerin tacewa a kan wannan adadi, ba a iya sauya masa. Sai dai a kafa sabo. Wanda ya zuba hoton 25 a cikin jerin 24, manhaja za ta riƙa yar da hoto ɗaya a kowace daƙiƙa, sai a ga tafiyar mutum tana ɗan tsalle, hannun makaɗi yana yankewa. Mako biyu na aiki ba ya gyara abin da minti ɗaya na farko ya ɓata.

Sai mu koma ga rajista, wadda a ganinmu ita ce uwar aikin, ko da yake ita aka fi rainawa. Rajista ita ce mutum ya zauna ya kalli duk abin da aka ɗauko, ya rubuta cewa daga lamba kaza zuwa kaza wane ne ke magana, a kan me, a ina, ran nawa ga wata. Kamfanin Adobe har manhaja ta musamman ya fitar don wannan a 2012, mai suna Prelude, ya kuma janye ta a 2021, sai aikin ya koma cikin manhajar tacewa kanta. Rajista dai da lambar lokaci take tafiya, watau awa, minti, daƙiƙa da lambar hoto. A cikin zaɓe-zaɓen Premiere akwai wurin da ake cewa ko a bi lambar da kyamara ta rubuta, ko kowane hoto ya fara daga sifiri. Alal misali, in mai rajista ta zaɓi na farko a kwamfutarta, mai tacewa ya bar tasa a na biyu, to takardar da ta kwana uku tana rubutawa ba ta da amfani a gare shi, domin in ya nemi inda ta nuna ba abin da zai tarar. Ba mu ce ɗaya ya fi ɗaya ba, ko da yake mu mun fi son bin ta kyamara. Abin da ya wajaba shi ne duk masu aiki tare su tsaya a kan ɗaya, a kuma duba agogon kyamara kafin a fita, domin in batirinta na ciki ya mutu, kwanan wata na komawa wata shekara da ta wuce.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, masu rubutu da Hausa. Kwamfuta ba ta ɗaukar ƙ da k a matsayin harafi guda. In wani ya rubuta “baƙi” a rajista, wani ya zo yana neman “baki”, ba za su haɗu ba, alhali ma'anar ma ta sha bamban. Shawarar da muka yanke ita ce, sunan fayil a rubuta shi ba lanƙwasa, ba tazara, a fara da shekara da wata da rana. Bayanin da ke ciki kuwa a rubuta shi da ƙa'idar rubutun Hausa cikakkiya. Wajen rubutun ƙasan allo, a zaɓi tsarin UTF-8, a kuma gwada salon haruffan da ɓ da ɗ da ƙ tun kafin a yi nisa. Duk mun taɓa ganin fim da aka rubuta sunan mutum da ɗan akwati a tsakiyarsa.

Maganar ɗauke wuta ba sai mun tsawaita ba, kowa a nan shaida ne. A da, Premiere ta yi shekaru da yawa tana zuwa da saitin adana aiki da kanta duk bayan minti 15. Wannan ya isa ga wanda wutarsa ba ta ƙyaftawa. Mu mun mai da namu minti 3, mun ƙara yawan kwafin da take ajiyewa, mun kuma tura su wani faifai dabam da wanda aikin ke ciki, domin ba a ajiye kuɗi da rasiɗinsa a aljihu guda. Haka nan fayilolin wucin gadi da manhaja ke tarawa, in ba a nuna mata wani wuri ba, a babban faifan kwamfuta take zuba su har ya cika, a yi ta zargin kwamfutar da tsufa. Sauti kuwa a bar shi a 48,000, shi ne na bidiyo. 44,100 na faifan waƙa ne.

Wani zai ce ai duk wannan aikin ƙwararru ne, mu ɗalibai ne kawai. Amma mu tuna, laccocin malamanmu da wasannin kwaikwayon ƙungiya da hirarrakin dattawa, in ba mu muka ɗauka ba, sau da yawa ba wanda zai ɗauka. Mun rubuta saitin da muka amince da shi a takarda guda, mun manna ta a bango kusa da kwamfutar ofishin ƙungiya, da roƙon duk wanda ya sauya wani abu ya rubuta sunansa da dalilinsa a ƙasa. Ranar Asabar bayan ƙarfe huɗu za mu zauna a can, wanda ke da kwamfuta ko waya ya zo da ita mu duba tare. Rabin hirar dattijon da ya rage yana nan, an yi masa rajista, akwai kwafinsa a wuri uku, kuma za mu nuna shi a ranar ga wanda ke son gani.