Ɗakin Ƙuna a Injunan Da da na Yanzu

 Mas'alar da aka ɗora mini tsohuwar jayayya ce, wadda ba a rasa jinta a kowace tasha da kowane gareji, daga Zango har hanyar Tanut: wai shin injin da ne ya fi, ko kuwa na yanzu? Ni a ganina ba za a yanke hukunci da adalci ba sai an leƙa wani ɗan wuri wanda ke tsakanin kan fistan da murfin silinda, wanda a ƙaramar mota bai wuce cikin kofin shayi ba, alhali a nan ne mai ke zama wuta, wuta kuma ta zama ƙarfi. Shi muke kira ɗakin ƙuna.

Mutanen Damagaram ba baƙin wannan bahasi ba ne. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a shekarar 1884, ya sa an ƙera igwa a wannan gari na Zinder, an kuma haɗa albarushinta a nan. Kuma duk maƙerin da ya taɓa zuba igwa ya san cewa amfaninta da haɗarinta duka suna gindinta, inda ake tsare wuta har ta rasa mafita sai ta gaba. Inji kuwa, in an bi haƙiƙarsa, igwa ce wadda aka ɗaure harsashinta da sanda, yana tafiya yana dawowa sau dubbai a minti guda. Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Huygens ma da albarushi ya fara gwada tura fistan tun ƙarni na 17, kafin Nikolaus Otto ya daidaita injin mai bugu huɗu a Jamus a 1876.

Ƙa'idar farko ita ce, gwargwadon yadda aka matse iska da mai kafin a kunna su, gwargwadon ƙarfin da za a tatsa daga kowane ɗigo. Amma injin esansi yana da abokin gaba. Idan buji ya ba da tartsatsi, wuta takan tashi ta ratsa ɗakin daga wannan gefe zuwa wancan, kuma in tafiyar ta yi nisa, abin da ya rage a can ƙurya, wanda zafi da matsi suka tsananta masa, sai ya fashe da kansa kafin ta iso, a ji wata ƙwanƙwasa mai kaifi wadda in ta daɗe takan huda kan fistan. Motocin Citroën guda 8 masu ƙafar sarƙa, waɗanda suka ratso Sahara suka yada zango a nan Zinder a ƙarshen 1924, a zamanin Sarki Barma Mustafa, tun garin yana hedikwatar mulkin Faransa a Nijar, injinsu irin na wancan zamani ne: bawul a gefen silinda, ɗaki shimfiɗaɗɗe mai tsawo, wanda wuta ke wahala kafin ta kai ƙarshensa. Injuna masu wannan siffa ba su jure matsi mai yawa. Na Ford Model T bai wuce ninki 4 ko 4 da rabi ba. Baturen Ingila Harry Ricardo ne ya gane, wajen 1919, cewa in aka ƙuntata tsakanin fistan da murfi ta gefe guda, fistan zai fizgo iskar da ƙarfi ya watsa ta cikin ɗakin, ta hautsine, wuta kuma ta fi saurin cin abin da ke hautsine.

Abin da ya biyo baya ba sai na tsawaita ba. Aka ɗauke bawul aka mayar sama, aka dunƙule ɗakin, wasu kamar Peugeot 203 ta 1948 suka yi shi da siffar ƙubba, daga baya aka tsaya a kan bawul huɗu da buji a tsakiyarsu, domin kada wata kusurwa ta yi wa wuta nisa. Da wannan, da kwamfutar da ke sauraren ƙwanƙwasa tana jinkirta tartsatsi, aka kai ninki 10 zuwa 14, kuma ba tare da dalmar da aka riƙa zuba wa esansi tun shekarun 1920 ba, wadda ƙasashenmu na kudu da Sahara suka daina a farkon 2006 saboda illarta ga ƙwaƙwalwar yara.

Sai dai arzikin wannan ƙasa, gero da wake da dabbobi da kayan Agadas da na Kano, a bisa gazuwal yake tafiya, saboda haka a nan zan daɗe. Injin Rudolf Diesel, wanda ya fara aiki sosai a Augsburg a 1897, ba shi da buji. Iska zalla yake matsewa har zafinta ya haura digiri 500, sa'an nan a fesa mai ya kama da kansa. Mushkilar kuwa ita ce lokaci: man da aka fesa dole ya tarwatse, ya sami iskarsa, ya ƙone, duk a cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba ko kusa, kuma duk ɗigon da bai sami iska ba shi ne baƙin hayaƙin da kuke gani a bayan babbar mota idan tana hawan tudu. Magabata ba su da famfon da zai niƙe mai ya yi laushi yadda ake bukata, sai suka yi wa abin dabara ta fuskar siffa. Prosper L'Orange na kamfanin Benz ya yi rajistar ƙaramin ɗakin share fage a 1909, Ricardo kuma ya fito da nasa mai suna Comet a 1931: wani ɗan kogo a cikin murfin silinda, mai ƙuntatacciyar ƙofa a karkace, wanda in fistan ya turo iska ciki sai ta zama guguwa, ta karɓi man ta cakuɗa shi da kanta. Tsofaffin Peugeot 404 da 504 masu shan gazuwal wannan ɗaki suke da shi, haka kuma injin 1HZ na Land Cruiser, wanda Toyota ta fitar a 1990, wanda mazauna Tasker da masu bin hanyar Agadas suka fi kowa sanin amanarsa.

Me ya sa ake yabonsa? Saboda guguwar ce ke yin aikin, ba a nemi abu mai yawa daga bakin allurar feshi ba: rami guda mai ɗan faɗi, matsi matsakaici, famfo na ƙarfe zalla wanda makanike zai kwance a inuwar dogon yaro ya mayar. Man da ya ɗan gurɓata ba ya kashe shi nan take. Amma a faɗi gaskiya, kyautar ba ta banza ba ce, domin bangon kogon nan yana shan zafin da ya kamata ya tura fistan, ƙofarsa kuma tana tauye numfashi, sai ya zamana yana shan mai fiye da mai feshi kai tsaye da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, yana bukatar matsi ninki 22, kuma da asubar hunturu ba ya tashi sai an ɗumama shi.

Akwai wata dabara ta uku da nake jin daɗin ambatonta, ko da yake zamaninta ya wuce. Wani injiniyan kamfanin MAN, Siegfried Meurer, ya saɓa wa abin da ya yi kama da ijma'in masana, ya haƙa rami mai siffar ƙwallo a kan fistan, ya fesa man a jikin bangonsa da gangan, domin ya riƙa tashi tururi sannu a hankali yana ci. Berliet ta sayi izinin wannan ta sa masa suna Magic, kuma da shi manyan motocinta na Gazelle suka keta Tenere a 1959 da 1960. Injin nan kusan duk man da aka ba shi yana ƙonawa, wanda a sahara falala ce babba.

Daga nan sai mizani ya karkata ga feshi kai tsaye. A 1964 Mercedes ta bar ɗakin share fage a manyan motocinta ta fito da injin OM 352, wanda ɗakinsa rami ne a kan fistan, shi ne zuciyar da yawa daga cikin motocin nan masu gajeren hanci da suka yi wa fataken Damagaram da Kano hidima shekara da shekaru. Sa'an nan a 1995 Denso a Japan, da Bosch tare da Fiat a 1997, suka kawo bututun tara matsi guda ga dukan silindoji, wanda a yau yake kai wa bar 2,000 har ya wuce, yana tura mai ta ramuka shida ko takwas ko fiye, kowanne bai fi kaurin gashi biyu ba, kwamfuta kuma tana raba feshin kashi-kashi a bugu guda. Ku dubi sakamakon: 1HZ mai lita 4.2 da silinda shida yana ba da ƙarfin doki kusan 130, alhali injin 1GD na Hilux ta 2015, mai lita 2.8 da silinda huɗu, da matsin da bai kai ninki 16 ba, yana ba da 177.

To, hukuncin da na tsaya a kansa shi ne, masu cewa an daina iya ƙira ba su yi wa na yanzu adalci ba, masu raina na da kuma ba su san hanyar Tanut ba. Hikimar da da take cikin siffar ƙarfe, inda ƙura da ruwa ba su iya mata komai, an ɗauke rabinta an mayar bakin allura da wayoyin kwamfuta, inda ƙwayar yashi guda, ko ruwan da ya kwanta a gindin duro, ke isa su lalata abin da kuɗinsa ya kai na raƙumi. Saboda haka sabon inji ya zo mana da sharaɗi, sharaɗin kuwa tsarkin mai ne. Tun Nuwamban 2011 matatar SORAZ, a arewa da garin nan, take tace man Agadem, ganga 20,000 a kowace rana gwargwadon ƙarfin da aka gina ta a kansa. Amma tsakanin bakin matata da tankin mota akwai tanka, da rijiyar gidan mai, da duro, da jarka, da kwalbar bakin hanya wadda ta wuni a buɗe cikin ƙurar hunturu, kuma a kowane ɗayansu man yana iya ɗaukar abin da tsohon kogon Ricardo zai haɗiye, sabuwar allura kuwa ba za ta yafe ba.

Ga ku masu gareji, abin da wannan ke nufi a aikace ƙalilan ne amma ba ya karɓar rangwame: matatar mai ta ainihi a kan lokacinta, tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙarƙashinta, kakkaɓe matatar iska a watannin ƙura ba tare da an huda ta da iskar famfo ba, da barin kwance allura a ƙasa a kan tsumma. Ga ku malaman makarantun sana'a kuma, ina roƙon a ajiye wa ɗalibi murfin 1HZ da fistan ɗin 1GD a kan teburi guda, ya sa yatsa a kogon wannan da ramin wancan, kafin a miƙa masa na'urar karanta kwamfutar mota.