Wasiyya Tun Ana da Lafiya

Duk wanda ya zauna zaman makoki a unguwannin da ke daura da Ƙofar Kabuga, ya san sau da yawa ba a kai sadakar bakwai sai wani ya matso kusa da babban ɗan mamaci, ya rage murya, ya ce marigayi ya karɓi ajiyarsa, ko ya jinginar masa da fili a hanyar Gwarzo, alhali ba takarda, ba shaida, mai amsawa kuwa yana kushewa.

Fikihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure, daga Risala har Muhtasar, bai bar wannan babi a duhu ba: bayan likkafani sai bashi, sa'an nan wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yi wa magaji ita sai sauran magada sun yarda. Amma mutanenmu, Allah Ya shirye mu, suna ganin rubuta ta tamkar kiran ajali ne, sai su jira jinya ta kwantar da su, lokacin da harshe ya yi nauyi, kyauta ma ta koma cikin sulusi.

Abin da ake buƙata kawai: alƙalami, takarda, adilai biyu. Alhaji, rubuta wasiyyarka kafin jirgin Makka ya tashi.