Jerin da Ba Ya Sauyawa a Harshen Java



Duk wanda ya taɓa zama a ofis ya san bambancin daftari da takardar da aka buga wa hatimi. Daftari kowa na iya sa masa alƙalami. Amma jerin sunayen waɗanda za a biya albashi, da zarar an sa masa hannu, ƙara suna ɗaya a cikinsa laifi ne babba. To, wannan matsala ita ce ke damun masu rubuta wa kwamfuta umarni, kuma a kanta zan yi magana, ina mai kafa misali da harshen Java, wanda ya fito a 1995.

Asalin matsalar shi ne, a Java idan wani sashe na shiri ya miƙa wa wani sashe jerin bayanai, ba jerin kansa ya miƙa ba, adireshin inda yake zaune a ƙwaƙwalwar na'ura kawai ya bayar. Watau su biyun takarda ɗaya suke riƙe da ita. In ɗaya ya soke suna, ɗayan zai wayi gari ya tarar babu, bai kuwa san wanda ya aikata ba.

A 1998 aka kawo magani na farko, mai suna Collections.unmodifiableList. Wanda aka ba irin wannan jeri, in ya yi yunƙurin ƙari ko ragi, nan take shirin zai ƙi, ya sanar da kuskure. Sai dai a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, don haka zan ɗan tsaya. Abin da wannan hanya ke bayarwa taga ce mai gilashi, wadda ake leƙen jerin asali ta cikinta. Mai leƙe ba ya iya taɓawa, gaskiya ne. Amma magatakardan da ke cikin ɗakin har yanzu alƙalaminsa na hannunsa, duk abin da ya sauya kuwa, mai leƙe zai gan shi a sauye. A ganina kiran wannan "kullewa" yaudarar kai ce, hana baƙo kawai aka yi.

Sai a 2017, da fitowar Java 9, aka sami List.of da 'yan'uwansa Set.of da Map.of, waɗanda ke gina tari a kulle tun daga farko, babu wani jerin asali a bayan labule. A 2018 kuma Java 10 ya ƙara List.copyOf, mai ɗaukar kwafin jerin da ake da shi ya kulle kwafin, ta yadda sauyin da aka yi wa na asali daga baya ba zai shafe shi ba. Suna da tsanani ƙwarai, ko gurbin da babu kome a cikinsa, wanda ake kira null, ba su karɓa. Fa'idarsu ita ce sassa da yawa na iya karanta jeri ɗaya a lokaci guda ba tare da fargaba ba. Kuɗin da ake biya kuwa, in ana son ƙara suna ɗaya tak, dole a gina sabon jeri.

Har ila yau da sauran rina a kaba. Jerin aka kulle, ba a kulle abubuwan da ke cikinsa ba. Alal misali, a ce jerin ranakun ɗaukar ma'aikata aiki ne, an kuma yi amfani da tsohon nau'in nan Date. Ba wanda zai iya cire rana ko ya ƙara, amma kowa na iya kama rana ɗaya ya mai da shekararta baya, jerin kuwa ba zai ce uffan ba. Kalmar final ma ba ta fid da mu, domin abin da take hanawa shi ne a mai da suna kan wani jeri dabam. Dole abin da aka zuba a ciki shi ma ya kasance ba ya sauyawa, kamar String, ko LocalDate da aka shigo da shi a 2014 don ajiye kwanan wata, wanda in ka nemi sauya shi sai ya ba ka sabo, ya bar na dā yadda yake.