Neman Asalin John Rolfe: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Na hangi malaminmu na tarihi a layin gaba, don haka zan yi magana da taka-tsantsan. Batuna a kan wani Baturen Ingila ne, John Rolfe, wanda ya isa garin Jamestown na Birjiniya, a Amurka, cikin 1610. Shi ya kawo irin tabar da garin ya dogara da ita, kuma a 1614 ya auri Pocahontas, 'yar Powhatan, sarkin 'yan asalin ƙasar.

To, shi ɗan wane ne? Tun 1538 aka umarci coci-cocin Ingila su riƙa rubuta sunayen jarirai da aure da mutuwa. A littafin cocin ƙauyen Heacham, a yankin Norfolk, an ga wani John Rolfe da aka rubuta cikin 1585. Aka daɗe ana cewa ai shi ne. Amma akwai matsala. Na Jamestown yana da ɗan uwa, Henry, wanda ya riƙe masa ɗa a Ingila, alhali ba a ga wani Henry a 'ya'yan gidan Heacham ba. Shi ya sa masana da dama ke shakka. Mu da muke aikin fayil a ofis mun san abin: suna ɗaya, mutum biyu, sai a biya wani fanshon wani.

Zuriyarsa kuwa ba gardama. Ɗansa Thomas, haihuwar 1615, ya haifi Jane. Ita ta auri Robert Bolling, ta haifi John Bolling a 1676. Ta nan manyan gidajen Birjiniya da yawa suka fito.

Kada ku ce wannan aikin marasa abin yi ne. A 1924 Birjiniya ta kafa dokar da ta hana farar fata auren wanda ba farar fata ba, ta ce ɗigon jinin wani jinsi ya isa ya fitar da mutum daga farare. Sai manya suka tuna suna alfahari da Pocahontas. Aka saka togiya: wanda jinin 'yan asalin ƙasar a jikinsa bai wuce kashi ɗaya cikin 16 ba, fari ne. Wanda kakarsa ta fito daga Afirka bai sami wannan rangwame ba. Sai a 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta soke haramcin auren.

Malam, in na yi kuskure a shekaru, a gyara mini bayan an tashi.