Abinci da Barci Kafin Wa'azi: Ikilisiya da Mai Ƙuncin Zuciya



Maganata a yau a kan ƙuncin zuciya ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota zuwa Kano da na buhun taki suka yi tashin gwauron zabi. Magidanci ya shuka masara, taki ya gagara, ga kuɗin makaranta, dare ya raba yana ƙirga azara. Matar da mijinta ya tafi ci-rani ta dama kunu ta kasa sha. Idan ɗayansu ya buɗe baki a coci, amsarmu a shirye take: “Sai haƙuri, a ƙara addu'a.” Wani ma ya ce bangaskiyarsa ce ta yi sanyi. Daga nan sai mutum ya ja bakinsa, ya fara ɗauke ƙafa daga sujada.

Littafi Mai Tsarki, wanda muke da shi cikakke da Hausa tun 1932, ba haka ya koya mana ba. Ku duba 1 Sarakuna sura 19. Iliya, bayan nasarar Dutsen Karmel, ya gudu daga Yezebel, ya shiga jeji, ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa. Allah bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi har sau biyu, ga gurasa ga tulun ruwa. Sai da ƙarfinsa ya dawo ya isa Horeb, Allah ya saurari kukansa, ya ba shi aiki, ya kuma haɗa shi da Elisha. Ku lura da jerin: barci, abinci, sauraro, aiki, abokin tafiya.

Iyayenmu mata sun fi ni sanin halin Hannatu. Kishiya na yi mata gorin haihuwa, ta daina cin abinci, ta je Shilo tana addu'a leɓe na motsi ba murya. Eli firist ya ɗauka buguwa ta yi. Baba Fasto, wannan kuskuren shugaba ne, kuma kowannenmu na iya yinsa. Abin koyi shi ne Eli ya saurare ta, ya sa mata albarka, ta tashi ta ci abinci.

Akwai kuma inda addu'a take buƙatar likita a gefenta. Idan ɗan'uwa ya wuce mako biyu ba barci, ba cin abinci, abin da yake so da ya daina ba shi sha'awa, ko mai jego ta riƙa kuka tana gudun jaririnta, a kai su asibiti. Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke maganin ƙwari daga ɗakinsa, a tafi da shi ranar. Babban Asibitin Gwarzo na kusa. A Kano akwai asibitin Dawanau da na Koyarwa na Malam Aminu Kano. Shekaru da yawa muna kai tsofaffinmu asibitin ido na ECWA a cire musu yana, ba wanda ya kira hakan rashin bangaskiya. Ƙwaƙwalwa ma Allah ne ya halicce ta.

Roƙona uku ne. Dattawa su riƙe sirrin wanda ya kawo kukansa, kada ya zama sanarwar addu'a a gaban jama'a. Zumuntar Mata ta riƙa leƙa gwauruwa bayan 'yan gaisuwa sun watse, domin a lokacin ne kaɗaici yake somawa. Matasa kuma su farfaɗo da gayya, su nome gonar wanda damuwa ta kwantar, Kirista ne ko Musulmi.

 Ubangiji ya ta'azantar da mu duka.