Ruwan Tiga da Masu Cewa Talauci Ba Ya Raguwa

 

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a majalisu da gidajen rediyo: wai duk shirin rage talauci, na gwamnati ne ko na Bankin Duniya, hanyar cin kuɗi ce kawai, talaka yana nan inda aka bar shi. Ba na raina masu faɗin haka, domin ruwa ba ya tsami banza. Tunda kuma a Kura muke, ba sai mun yi nisa wajen neman hujja ba. Kanal ɗin da ke bayan gari ya ishe mu.

Bari in fara da hujjarsu. An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, lokacin da fari yake ƙarar da dabbobi a yankin Sahel. An tsara shayar da hekta 22,000 da ruwanta a kashin farko, aka ɗauki shekaru aru-aru ba a cika ba. An ɗora wa manoma alkama, har Gunilla Andrae da Björn Beckman suka nuna a littafinsu na 1985 yadda aka zuba kuɗin man fetur a kan alkamar da ba ta iya gogayya da ta waje. Ƙananan manoma da yawa, da kuɗin taki da na tarakta suka fi ƙarfinsu, sun ba 'yan kasuwa da ma'aikatan birni hayar gonakinsu, suka koma ƙwadago a cikinsu. Can ƙasa, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da masunta da makiyaya suke dogaro da ita ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. A Bakolori ta tsohuwar jihar Sakkwato, a 1980, an harbe manoman da suka fito neman diyyar gonakinsu. Masana'antar tumatir ta Kadawa da aka buɗe a 2016 ta sha rufewa, kuma a shekarar ne wata tsutsa ta cinye tumatir a gonaki.

Duk wannan ya faru. Inda muka rabu da masu shakka shi ne hukuncin da suke yankewa, cewa babu abin da ya canza.

Dattawan da ke wurin nan shaiduna ne. A da, in an gama kaka an ɗaure dawa, maza sai su naɗe tabarma su tafi cin rani. Lambu sai wanda yake bakin rafi, yana jan ruwa da jigo, guga bayan guga, har kafaɗa ta sage. Yau ka bi hanyar Bunkure a watan Fabrairu, tsakiyar rani. Ruwa yana gangarowa daga Tiga da kansa, babu inji babu fetur, manomi ya tsoma bututu ya ja shi cikin fangali. Albasa, masara, tumatir, ga shinkafa kore shar. A Kwanar Gafan ana loda kwanduna a manyan motoci zuwa Legas. A cikin garin Kura mata suna turara shinkafa a manyan tukwane, su shanya, a kai inji, kuma kuɗin hannunsu yake shiga. Garin da mutanensa suke fita neman aiki da rani, yanzu shi ake zuwa nema.

Abin lura a nan, ba alkamar da masu tsari suka zana a takarda ce ta kawo wannan ba. Manoma ne suka karɓi ruwan suka juya shi ga abin da kasuwa take so. Shirin ya kauce wa hanyar da aka shata masa, amma ya ciyar da mutane.

Haka lamarin yake a duniya. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa a 1990 fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya suna cikin matsanancin talauci, zuwa 2019 kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Gaskiya ne mafi yawan nasarar a Sin da sauran ƙasashen Asiya aka same ta. Mu nan, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 'yan Najeriya miliyan 133 suna fama da talauci ta fuskoki daban-daban. Wannan abin kunya ne gare mu, amma hujja ce a kan yadda muke tafiyar da aiki, ba hujja ba ce cewa aikin ba ya yiwuwa. Ga misali, kurkunu ya kwantar da mutum fiye da 600,000 a ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1980, galibi a lokacin da gona take neman hannu. A 2013 aka tabbatar ya ƙare. Yaran yanzu ba su ma san kamanninsa ba.

Abin da ya fi damuna da cewa "duk ƙarya ce" shi ne wanda maganar take yi wa amfani. In jama'a sun yanke ƙauna, ba mai tambaya. Wanda aka ba aikin yashe kanal bai yi ba sai ya yi barci lafiya. Shirin TRIMING da aka amince da shi a 2014 don gyaran wannan aiki da na Haɗeja da Bakolori, kusan dala miliyan 500 ne, kuma bashi ne da 'ya'yanmu za su biya. Wanda zai biya bashi yana da haƙƙin bin diddigi.

Don haka ina roƙon manoma ku cika taron ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, ku biya kuɗin ruwa, ku karɓi rasit, ku tambayi inda ya shiga. A sa wa na ƙarshen kanal kujera a gaba, domin su ruwa yake fara yanke wa. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa sakin ruwa da tunanin mutanen Nguru. Ku kuma ɗalibanmu na jami'o'in Bayero da Wudil, ku shigo gonakin nan ku ƙirga mana wa ya mallaki ƙasa, wa yake haya, wa yake ƙwadago, ku buga kowa ya gani.