GIDA DA MASARA: ABIN DA TSOFFIN FASTOCIN SHAGARI KE KOYA MANA

(Jawabin da aka gabatar a gaban taron ɗalibai da ƙananan ma'aikata a garin Zuru)



Abin da ya tara mu yau tsohuwar takarda ce, irin wadda ake mannawa a jikin katanga da kututturen darbejiya in zaɓe ya ƙarato. Rana ta kan ƙona ta, ruwa ya wanke ta, awaki su cinye saura. Amma wadda ta tsira, in muka dube ta da idon basira, takardar bashi ce: an rubuta alkawari, an sa hoton wanda ya ɗauka. Za mu ɗauki fastocin 1979, mu bi mutumin da ke cikinsu, watau Alhaji Shehu Shagari, mu ga nawa aka biya daga cikin bashin.

A wancan lokaci Zuru tana cikin Jihar Sakkwato, don ba a ƙirƙiro Jihar Kebbi ba sai 1991. Soja sun shekara goma sha uku bisa mulki, sa'an nan aka yi wa jam'iyyu biyar rajista. Galibin iyayenmu ba su yi boko ba, saboda haka alama ita ce ke magana. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano tana da mabuɗi, kirarinta Nasara. GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim tana da zakara da bishiyar kwakwa, tana kiran siyasa ba da gaba ba. NPN kuwa ta ɗauki gida da masara, kirarinta Aminci. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, gama tun zamanin Sardauna an san fartanyar NPC da tauraron NEPU. Abin da ya zama sabo shi ne matan Arewa, waɗanda a 1979 suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya. Alamar da mace ta gani a bango, ita za ta nema a takardar ƙuri'a ta dangwala.

To, wane ne mai doguwar hula da tabarau da ke cikin hoton? An haife shi ran 25 ga Fabrairu 1925 a ƙauyen Shagari. Ya yi elementare a Yabo, da midil a Sakkwato, da kwaleji a Kaduna, ya fito malamin makaranta. Ya riƙe hedimasta a Argungu, cikin wannan jiha tamu ta yau. A 1954 aka zaɓe shi Majalisar Wakilai a Ikko. A 1958 ya zama sakataren majalisa na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga nan ya riƙe ma'aikatu dabam-dabam har soja suka kifar da gwamnati a 1966. Ya koma gida, Janar Gowon ya sake kiransa, ya gaji Cif Awolowo a matsayin kwamishinan kuɗi a 1971. Kun ga ke nan shekara ashirin da biyar ya yi yana hawan tsani kafin hotonsa ya hau bango da sunan ɗan takarar shugaban ƙasa. A taron NPN na Disamban 1978 shi ya zo kan gaba, Alhaji Maitama Sule ya janye masa.

An yi zaɓe ran 11 ga Agusta 1979. Shagari ya sami ƙuri'a miliyan 5 da dubu ɗari 6 da ɗoriya, Awolowo ya sami miliyan 4 da dubu ɗari 9 da ɗoriya. Sai gardama ta tashi. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, jihohin kuwa 19 ne. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano ya tsaya wajen kashi 20 cikin ɗari. Lauyansa Richard Akinjide ya ce kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da sulusi biyu, ba 13 ba. Kotun Ƙoli ta yarda, aka rantsad da shi ran 1 ga Oktoba 1979, tare da mataimakinsa Dokta Alex Ekwueme.

Yanzu mu koma ga alkawarin. Gida: gwamnati ta shiga ginin gidaje masu sauƙin kuɗi a kowace jiha, har yau a garuruwa da yawa akwai unguwar da ake kira da sunan Shagari. Amma an gina wasu a bayan gari inda ba ruwa ba hanya, wasu 'yan kwangila suka karɓi kuɗi suka bar kango. Masara: a 1980 aka ƙaddamad da shirin bunƙasa noma, aka kawo taki da iri da motocin noma. Duk da haka sai ga ƙasa tana shigo da shinkafa daga waje jirgi-jirgi, lasin shigo da ita ya zama hanyar arzikin manyan jam'iyya. Manomin dawa na ƙasar Zuru, wanda ke bikin Uhola don murnar amfanin da ya noma da gumin kansa, me ya ƙaru da shi? Kada kuma mu manta da Bakalori, kusa da Talata Mafara, inda a watan Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu da madatsar ruwa ta ci. Wannan ya faru ne a jihar shugaban ƙasa, ƙarƙashin jam'iyyar da alamarta masara.

Adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya gefen. A zamaninsa aka buɗe matatar mai ta Kaduna, aka kafa jami'o'in fasaha a Bauci da Yola da Minna da sauransu, aka tsai da mafi ƙanƙantar albashi Naira 125 a 1981, aka kuma ci gaba da ginin Abuja. Sa'an nan farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, dole aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982. An sake zaɓensa a Agustan 1983 cikin ƙorafin maguɗi, ran 31 ga Disamba na shekarar soja suka hamɓarad da shi, Janar Muhammadu Buhari ya hau. Mu mutanen Zuru wannan babi ya shafe mu, don ƙasarmu ƙasar soja ce. Ɗanmu Muhammadu Sani Sami, wanda daga baya ya zama Sarkin Zuru har rasuwarsa a 2025, shi aka naɗa gwamnan soja na Jihar Bauci a farkon 1984.

An tsare Shagari har 1986, kwamitin bincike bai same shi da laifin cin dukiyar jama'a ba. Ya rasu a Abuja ran 28 ga Disamba 2018, yana da shekara 93. Hukuncin da muke gani ya dace da shi shi ne: mutum mai tawali'u da tsabtar hannu, wanda bai iya riƙe hannun na kusa da shi ba. Makiyayi in bai ci gonar mutane ba amma shanunsa sun ci, wa za a kai ƙara?

'Yan'uwa, yawancinmu gobe ofis za mu shiga. Ɗan siyasa shi ke buga fasta, amma akawu da injiniya da malamin gona su ne ke mai da ita gida ko kango. Wanda ya sa hannu a kan takardar cewa an gama ginin da ba a gama ba, ba hotonsa a bango, amma da shi aka ci bashin. Saboda haka muna ba da shawara biyu. Ta fari, in zaɓe ya wuce kada mu yage fasta. Mu ajiye ta, bayan shekara huɗu mu fito da ita mu yi lissafi. Ta biyu, ƙungiyarmu ta roƙi dattawan Zuru da Dabai da sauran garuruwanmu su ba mu aron tsoffin da suka ɓoye a akwati, mu adana su a laburare don na baya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, mu kuma ya ba mu ikon cika alkawari.